Jiragen Shaƙatawa da Haƙƙin Teku

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanonin manyan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido suna cin arzikin teku, don haka wajibi ne su kiyaye lafiyarta. Jirgi ɗaya kan ɗauki dubban mutane, tamkar gari sukutum, yana fitar da hayaƙi da ƙazanta.

A shekarar 2020, Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta rage yawan sinadarin farar wuta a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Sai wasu kamfanoni suka ci gaba da ƙona tsohon mai, suka sanya na'urorin wanke hayaƙi, waɗanda da yawansu ke tuttular da dauɗar cikin teku. An rabu da Bukar, an haifi Habu ke nan.

A ganina, alƙawarin ɗan kasuwa ba ya isa sai da doka mai tsauri. Mazauna birnin Fenis sun daɗe suna kukan cewa igiyar ruwan jiragen tana zaizaye harsashin gidajensu. Ba su sami sauƙi ba sai a 2021, da gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin.