Kimiyya a Gareji: Motar da Ba Ta Ciwo Sai a Babban Titi

A hutun da ya wuce na raka kawuna Zariya daga Kano a tsohuwar motarsa, irin mai kabureta ɗin nan da ta girmi kowannenku. Cikin gari lafiya lau take tafiya. Muna wuce Kura ya taka totur, allura ta kai 100, sai motar ta fara fizga kamar ana janyo ta ta baya. Abin da makanikai ke kira misin ke nan. Ya kuma zo mana daidai lokacin da muke gefen wata tirela za mu wuce ta, ga wata mota a bayanmu tana ta danna hon. Da ƙyar kawu ya koma hannunsa.

Muka lallaɓa zuwa Kwanar Dangora. Makaniki ya tayar da inji, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, ai motarka ba ta da komai." Ba ƙarya ya yi ba. A tsaye ya gwada ta, ita kuwa a guje take ciwo.

Kowace silinda tana bukatar abu uku kafin ta ba da ƙarfi: mai gauraye da iska, matsi daga fistin, sai tartsatsin fulogi a kan lokaci. In ɗaya ya gaza, silindar ta tsallake bugu ɗaya, shi ne fizgar da ake ji. To me ya sa sai a guje?

Ku ɗauko biro. Fulogi yana tartsatsi sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. A silo, inji na juyawa kamar sau 800 a minti, wato kowane fulogi na bugawa kusan sau 7 a daƙiƙa. A babban titi, in inji ya kai juyi 3,000, ya zama sau 25. Silinda huɗu ce, kuma a tsofaffin motoci koyil ɗaya ke ciyar da su duka, saboda haka tartsatsi 100 ake nema daga gare shi a kowace daƙiƙa. Aikinsa shi ne ya ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa sama da 10,000. Koyil da ya tsufa yana iya wannan da sanyin safiya, amma in ya ɗau zafi sai ya fara gazawa.

Ga wanda ya fi ba ni sha'awa. Idan direba ya taka totur sosai, iska da yawa ke shiga silinda, matsi ya ƙaru. Iskar da aka matse ta fi wuyar ketawa, don haka tartsatsi na bukatar wuta mai ƙarfi kafin ya tsallake tazarar bakin fulogi, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba a irin waɗannan motoci. Ita kuma wutar lantarki hanya mafi sauƙi take bi. In bakin fulogi ya cinye tazarar ta buɗe, ko robar wayarsa ta tsage, ko murfin distribita ya yi tsaga, sai wutar ta zille ta nan ta bi jikin inji. A silo matsin kaɗan ne, ba ta da dalilin zillewa, shi ya sa makanikinmu bai ji komai ba.

Mai ma yana jawo misin. Filtar da ta toshe da datti, ko famfon mai da ya gaji, suna iya tura ɗan abin da ake bukata cikin gari, su kasa a hanya. Wanda ya sha man bumburutu mai ruwa-ruwa kuwa, ya fara zargin tankinsa. Direba mai lura yakan bambance su. Matsalar wuta fizga ce mai kaifi, tak-tak. Ta mai kuwa, motar ke yin sanyi a hankali kamar ta shaƙe, in an ɗaga ƙafa ta farfaɗo. Launin bakin fulogi ma shaida ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan.

Kawu ya riga ya ƙudura sayen sabuwar kabureta, don wani ya ce masa ita ce. Wannan ɗabi'a ta canja kaya da ka, tun ba a gano ciwon ba, ta cinye kuɗin mutane da yawa. Na roƙe shi ya dakata. Bayan sallar isha a Zariya muka kai motar inda babu fitila, muka buɗe bonet, ya riƙa ba ta wuta ina kallo daga gefe. Sai ga ɗan shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar fulogi ta uku zuwa jikin inji. Kada ɗayanku ya kai hannu wayoyin nan inji na aiki, kuma a yi nesa da fanka. Ido ya isa.

Washegari wayoyin kaɗai muka canja, don mu san ko su ne. Muka hau hanyar Kano, ya taka har 100, shiru. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da kwamfutar da ke faɗin silindar da ke misin, lamba P0303 na nufin ta uku. Ta kawu ba ta da wannan gata.

Aikin gida: inji mai silinda shida yana juyi 3,600 a minti. Tartsatsi nawa koyil ɗinsa ke bayarwa a daƙiƙa ɗaya? Amsa tana nan tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.