Rumbu mai kwaɗo biyu

Bazara ce ke fito da lissafin mai lambu fili. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, a fadamun Batsari da Safana, sanyin da ya reni kabeji da latas ya tafi, ruwan rijiya yana ja da baya, fangali kuma yana shanye abin da aka ba shi kafin la'asar. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, naka da na maƙwabcinka da na Danja da na Kadawa, kwando ya faɗi warwas, mata sun koma yanka kauɗa suna shanyawa. Albasa ta kwantar da ganye tana jiran cira. A cikin wannan zafin ne kuma gonar damina ke kira: sharar gona, kai taki, neman iri.

Kowa ya san albasar da aka cire a Maris za ta yi kuɗi in damina ta yi nisa, kuma manomanmu sun san yadda ake kafa rudu a adana ta. Duk da haka yawancinsu a bakin lambu suke sayarwa. Masu zuwa daga birni da wa'azin "a riƙa ajiya" sun kasa ganin dalili, alhali dalilin tun kaka ya faro. A Oktoba da Nuwamba mai lambu yana buƙatar kuɗin iri da taki da magani da man inji. Man nan ba ƙaramin abu ba ne: a ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, ga kuma janye tallafi a 29 ga Mayu 2023 da ya ninka farashinsa. To ina zai samo kuɗin? Ko dai ya kai gero da wake kasuwa lokacin da suka fi araha, ko ya karɓi na dillali bisa sharaɗin shi zai sayar wa amfanin. Ya sayar da arha a kaka, ya sake sayarwa da arha a bazara, sannan a Agusta ya auno geron da tsada.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da samo wata dabara a kan wannan, kuma daga Batsari in ka bi ta Jibiya, Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da ƙungiyoyin manoman ƙasar a kan tsarin da suke kira warantaji, wanda daga baya ya bazu zuwa Burkina Faso da Mali. Da kaka, 'yan ƙungiya su tara buhunan gero da wake da gyaɗa a sito ɗaya, a auna, a duba kyawunsu, a rubuta sunan kowa a jikin buhunsa. Sai a sa wa ƙofar kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun asusun da zai ba da rance, babu mai iya buɗewa shi kaɗai. A ba kowa rancen wani kaso na darajar kayansa bisa farashin kaka, ba duka ba. Da wannan kuɗi ya shiga lambu, ko kiwon rago, ko matsar man gyaɗa in mace ce. Bayan wata biyar ko shida ya biya daga abin da sana'ar rani ta kawo, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa a lokacin da ya yi daraja. In ya so ya sayar ya sayi taki, in ya so ya ci da iyalinsa har sabo ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsarin ya hau kan kalandar manomi daidai. Rancen yana zuwa ranar da ake neman kuɗin dashe, biyan yana faɗowa lokacin da lambu ke bayarwa, buɗe sito kuma ya zo gab da shuka. Mai lambun da bai ci kuɗin dillali ba shi ke da ikon cewa wannan rabin albasar na kasuwa ne, wancan rabin na rudu. Kwaɗo na biyu kuma yana tsare mutum daga kansa da danginsa. Hatsin da ke rumbun tsakar gida, biki da suna da ɗan'uwa mai neman taimako ba sa barinsa ya ga bazara, kuma ba kowa ke iya kallon idon yayansa ya ce babu ba. Wanda ke bayan makullin da ba ya hannunka, ba ka yi wa kowa rowa ba.

Ba zan ce a kwaso shi yadda yake a dire a Ruma ko Runka ba. Da farko akwai kuɗin ruwa, wanda asusun Nijar ke ɗorawa, mutanenmu da yawa kuwa ba za su taɓa shi ba, kuma suna da gaskiya. Jingina ita kanta halal ce, malamanmu sun san babinta sarai, kuma tun 2012 bankin Jaiz ke aiki a ƙasar nan ba da ruwa ba. Ana iya tsara abin ta yadda mai kuɗi zai sayo taki da iri da mai ya sayar wa manomi a kan ribar da aka sani, hatsi ya tsaya jingina. Wannan zama ne na malamai da shugabannin ƙungiyoyi, kuma ya kamata a yi shi tun kafin gero ya fitar da kai.

Na biyu, farashi ba kullum yake hawa ba. A 2025 hatsi ya karye a kasuwannin Arewa, waɗanda suka ajiye suka ji jiki. Shi ya sa rancen ba ya kai cikakkiyar darajar kaya, kuma shi ya sa bai kamata magidanci ya kai duk abin da ya noma ba.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma namu ne. Ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu sun ga an ƙone rumbuna, an kwashe shanun huɗa, an hana mutane zuwa fadamarsu. Sito cike da buhuna a irin wannan wuri kiran ɓarayi ne. Dole ya zauna a cikin garin Batsari, ko Safana, ko Dutsin-Ma, inda akwai jami'an tsaro, a sa kuɗin mota da na mai gadi da na maganin ƙwari a cikin lissafi tun ranar farko. Ƙungiyar masu lambu ta mutum ashirin da suka san juna, suke adashi tare, ta isa a gwada da ita a kaka mai zuwa, da shago ɗaya na haya da littafin rubuta buhuna.