Kafin ka ɗora wa motarka tukunyar naitiros a Libreville

Kwanakin baya wani ƙanena mai sayar da kayan gyaran mota a nan Libreville ya zo mini da zance. Wai wani matashi ne ke so a yi masa odar tukunyar iskar naitiros, irin wadda fim ɗin Fast & Furious ya sa samari suka sani tun 2001: a danna maɓalli, mota ta fizga kamar an harba kibiya. Ya ce, "Yaya, kuɗi ne fa, in kawo masa?" Na ce ya dakata tukuna.

Ni ba na adawa da fasahar, don tsohuwa ce, tun a Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙin Jamus suka yi aiki da ita. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa wa yaro tukunya da tiyo kawai, a ce je ka.

Naitiros ba mai ba ne. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, iskar da muke shaƙa kuwa kashi 23 ne kacal. Idan ya shiga inji, zafi ya kai wajen digiri 300, sai ya saki oksijin ɗin, inji ya samu damar ƙona fetur mai yawa. Daga nan ƙarfin ke fitowa. To, in aka ƙara oksijin ba a ƙara fetur daidai da shi ba, zafi ne zai hau har fistin ya narke. Shi ya sa aikin ba na kowane makanike ba ne. Sai an tabbatar famfon mai yana tura isasshe, an sa fulogi mai jure zafi, an ja taimin baya, kamar digiri 2 ga kowane ƙarfin doki 50 da aka ƙara, sannan a sa makunnin da ba zai saki iskar ba sai an take totur har ƙasa kuma inji yana juyi sosai. Injin motar hannu da aka sauke a tashar Owendo bayan ya sha aiki a Turai, ai wannan nauyi ya fi ƙarfinsa.

Sai batun da ya shafe mu kai tsaye, wato zafi. Matsin da ke cikin tukunyar yakan kai bar 65, kusan ninki 30 na iskar taya. Da zarar zafinta ya wuce digiri 36, naitiros ba ya iya zama ruwa, matsin sai ya yi ta hawa. Garin da a inuwa ma ana samun digiri 30, yaya but ɗin motar da aka bari a rana kusa da kasuwar Mont-Bouët zai kasance? Don haka dole a ɗaure tukunyar da ƙarfe a jikin mota, ta zama tana da bawul mai fashewa in matsi ya yi yawa, da bututun da zai fitar da iskar waje. A rufe ta in an gama, kuma kada a kuskura a ɗumama ta da wuta. In ta yi yoyo cikin mota, direba na iya jin jiri, domin iskar nan ce likitoci ke amfani da ita wajen gusar da zafin ciwo.

A ce ma an yi komai daidai. Ina za a danna maɓallin? A Amurka masu wannan wasa a filin tsere suke yi, mita 400 a miƙe, da shinge, da masu duba mota kafin ta shiga. Titin bakin teku kuwa akwai ɗaliban makarantar Léon Mba masu tsallakawa, ga 'yan tasi masu tsayawa ba sanarwa, ga ruwan sama mai sa kwalta santsi. Naitiros yana ƙara gudu, amma ba ya ƙara birki ko taya. Ranar da abu ya faru, kada a ce tsautsayi ne, ganganci ne.

Abin da na faɗa wa ƙanena ke nan: ya tambayi yaron wa zai haɗa masa, a ina zai yi gudun, kuma ko kamfanin inshorarsa ya sani. In babu amsa, ya haƙura da cinikin. Wallahi ribar tukunya ɗaya ba ta kai ran ɗan mutum ba. Allah Ya kiyaye mu.