ABUJA: GIDAJE BA MUTANE, MUTANE BA GIDAJE

Dillalan gidaje a Abuja sun daɗe suna kukan cewa wai kasuwa ta yi sanyi. Duk wanda ya ratsa Maitama, Asokoro, Guzape, Katampe ko Jahi bayan sallar isha'i zai ga abin da suke nufi: manyan benaye a jere, an raba kowane sashe-sashe, irin wanda ake kira fulat, an sha musu fenti da gilashi, amma ba fitilar da ke ci a cikinsu sai ta ɗakin maigadi. An kafa allon sayarwa a bakin ƙofa har rana ta cinye rubutun, mai saye bai zo ba. A daidai wannan lokaci kuma, dubban bayin Allah na can cunkushe a Nyanya, Mararaba, Masaka, Gwagwa, Karmo da Suleja, mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya, wasu kuma a tasha ko a barandar masallaci suke kwana.

In aka tambayi dillali me ya hana fulat ɗin fita, amsarsa a shirye take. Wai hoton da aka ɗauka bai yi kyau ba, wai a sake fenti, wai hawa na huɗu ne kuma babu na'urar hawa, wai wurin ajiye mota ya yi kaɗan, wai a ɗan rage miliyan biyu a gani. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki. Yaya za a ce gari yana cike da mabuƙata muhalli, ga kuma muhallin a rufe shekara da shekaru, sannan a ɗora laifin a kan fenti? Ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata 'yan uwa matasa su san haƙiƙanin dalilan, domin su ne ake nuna wa waɗannan benaye ana ce musu nan ne ƙarshen burin ɗan Adam.

Dalili na farko shi ne wanda ke buƙatar gidan ba a bar masa abin saye ba. Lissafin ba ya buƙatar digiri. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata, wato Naira 840,000 a shekara. A ɗauka an sa wa fulat mai ɗaki uku Naira miliyan 100, wanda a waɗancan unguwanni ba a ma ɗauke shi da tsada ba. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi shekara 119 yana tarawa, bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba, bai kai yaro asibiti ba, kafin ya haɗa kuɗin. Kuma kafin a ba shi wannan ɗan ƙarin, an riga an zare masa wuƙa: a ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta faɗi, Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, buhun siminti ya wuce Naira 10,000 a farkon shekarar, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambarta. Wannan ita ce shawarar da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka daɗe suna bayarwa tun zamanin SAP na Babangida a 1986, 'yan korensu kuma suka aiwatar ba ko gezau.

Dalili na biyu shi ne ƙofa ɗaya tak da aka bar wa talaka, ƙofar riba. Sai a ce masa in ba ka da kuɗi a hannu je ka banki. To, a Nuwambar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma a kan wannan suke ɗora nasu. A ɗauka an yi wa mutum rangwame an ba shi bashin miliyan 80 a kan kashi 25. Kuɗin ruwa kaɗai na shekara ya kama miliyan 20, wato sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a kowane wata, kusan albashin ƙananan ma'aikata 24, alhali uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Wane mai hankali ne zai sa wuyansa a wannan igiya? Balle kuma mumini da ya san cewa a ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, Allah Ta'ala ya haramta riba da kakkausan lafazi, har da shelar yaƙi a kan wanda ya ƙi bari. Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da dokar soja a 1992, aka riƙa yanke kashi biyu da rabi na albashin ma'aikata ana zubawa a ciki. A tambayi malaman makaranta da masinjoji da direbobin ofis, mutum nawa suka sani a cikinsu da ya karɓi makullin gida ta wannan hanya? Ko can Amurka da ake kwaikwayo, bashin gidaje mai ruwa ne ya durƙusar da ita a 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, gwamnati kuma ta ɗauki dukiyar jama'a ta ceci bankunan da suka jawo bala'in.

Dalili na uku, wanda dillalai ba sa son a faɗa, shi ne da yawan waɗannan benaye tun asali ba don a zauna aka gina su ba. Rumbu ne na ɓoye dukiyar da aka wawure. Wanda ya kwashi kuɗin asibiti da na makaranta ba zai iya kai su banki da sunansa ba, in kuma ya ajiye su a Naira za su narke, sai ya mai da su bulo da siminti da sunan wani kamfani na bogi. Irin wannan mutum ba ya gaggawar sayarwa, ba ya rage farashi, domin ba guminsa ba ne, ba kuma banki ke bin sa ba. Shi ya sa gida ke shekara biyar a rufe amma farashinsa ƙaruwa yake yi, abin da ba ya faruwa da tumatir ko atamfa a kasuwar Wuse. Kuma farashin da ɓarawo ya kafa shi ne ke zama ma'auni, har ɗan kasuwa na halal da ya gina nasa da guminsa ya tarar fili ya fi ƙarfinsa, mai saye ya fi ƙarfin gidansa.

Wannan magana ba zargi ne na fatar baki ba, hukumominsu da kotunansu ne suka tona. A watan Afrilun 2017 hukumar EFCC ta shiga wani fulat a benen Osborne da ke Ikoyi a Legas, ba ta tarar da magidanci ko iyali ba, sai ta tarar da Dala miliyan 43 da ɗoriya a jibge a cikin durowoyi, ban da Fam da Naira. Hukumar leƙen asiri ta ƙasa ta fito ta ce nata ne, daga bisani aka sallami shugabanta. A watan Disambar 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma, wanda masu bincike suka danganta da tsohon gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele. Gidaje ɗari bakwai da hamsin da uku a wuri guda! Mutum nawa ne zai kwana a ɗaki biyu a dare ɗaya? A 2020 kuma wani bincike na cibiyar Carnegie ta Amurka ya gano kadarori kusan 800 a Dubai, masu darajar sama da Dala miliyan 400, da ke da alaƙa da masu riƙe da muƙamai a Nijeriya da iyalansu da makusantansu. Waɗannan su ne waɗanda asirinsu ya tonu. Waɗanda ba a gano ba Allah kaɗai ya san adadinsu.

Dalili na huɗu shi ne ko wanda ke da kuɗin halal a hannu tsoro yake ji. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, ta ɗauke ƙasa ta damƙa a hannun gwamna, a Abuja kuma a hannun minista. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar hukuma. Wanda ya sayi fulat a hawa na uku sau da yawa takardar mallakar filin tana hannun wanda ya gina benen, shi kuwa an ba shi wata 'yar takarda ce kawai. In mai ginin ya jinginar da filin a banki, ko ya ƙi biyan harajin ƙasa, ko aka wayi gari fili ɗaya yana da masu shi biyu, wa zai kama? A watan Maris na 2025 ma'aikatar Abuja a ƙarƙashin Nyesom Wike ta sanar da soke takardun filaye sama da 4,000 saboda bashin harajin ƙasa. Sannan ga tsoron ingancin ginin kansa. A ranar 1 ga Nuwambar 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi, wanda ake tallar sassansa ga attajirai, ya rufta ya kashe mutum sama da 40, akasarinsu leburori masu neman abin kai wa bakin salati.

Ko an saya ma ba a huta ba. Kowace shekara akwai kuɗin hidima: na man janareta, na masu gadi, na gyaran rijiyar burtsatse, na kwasar shara, kuma mai rukunin ne ke yanke abin da ya ga dama. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga waɗanda aka sa a rukunin farko, ya koma Naira 225 kowane ma'auni. Mutum ya sayi gida da kuɗinsa amma ya zama ɗan haya har abada.

Dalili na biyar ya shafi Musulmi kai tsaye. Wannan fasalin gini an ɗauko shi ne daga Turai, an tsara shi don miji da mata da 'ya'ya biyu. Gidan Bahaushe yana da zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, yana da tsakar gida inda mata ke aikinsu cikin sutura, yana da ɗakin tsohuwa, da ɗakin baƙi, da gurbin da za a ƙara ɗaki in yaro ya isa aure. A fulat kuwa baƙo na buɗe ƙofa ya faɗo tsakiyar iyali, matakala ɗaya ake bi da wanda ba a sani ba, tsoho mai ciwon gwiwa ba ya iya sauka zuwa jam'i sau biyar, ɗan uwa in ya zo daga ƙauye maigadi ya tare shi a bakin ƙofa kamar ɓarawo. Ginin da ke yanke zumunci ba abin mamaki ba ne in mai zumunci ya guje shi.

Duk wannan yana da tushe. Tun da Murtala ya kafa dokar ƙirƙirar Abuja a Fabrairun 1976, har Babangida ya tare a 12 ga Disambar 1991, kamfanonin ƙasashen waje ne suka zana birnin, kuma a aikace ba a tanadar wa talaka gurbi a tsakiyarsa ba. An tashi Gwarawa da dama daga ƙasar kakanninsu. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Nasiru El-Rufa'i, an rushe matsugunan dubban ɗaruruwan mutane da sunan kare taswira, a 2006 aka hana acaɓa a cikin birni. A Legas ma haka aka yi wa Maroko a Yulin 1990, aka kori kimanin mutum 300,000, filin ya koma unguwar masu hannu da shuni. An kori masu zama, yanzu kuma ana mamakin rashin masu saye. Birkilan da ya ɗora bulon, da kafintan da ya buga rufin, da leburan da ya hau da kwanon kankare a kansa har hawa na shida, duk da asuba suke fitowa daga Mararaba su sha cunkoson hanyar Nyanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Durumi da Kuchingoro kuwa, 'yan gudun hijirar Gwoza sun kwashe shekaru a cikin bukkokin buhu da leda, ga benaye a rufe suna hangowa.

Musulunci bai bar wannan fage ba hukunci ba. Lokacin da Manzon Allah (S) ya isa Madina, cikin ayyukansa na farko akwai ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, waɗanda suka baro gidajensu a Makka suka sami masauki, waɗanda ba su da kowa kuma aka ba su Suffa a jikin masallaci. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda ya killace mataccen fili ya ƙi raya shi, shugaba na da ikon karɓa ya ba wanda zai raya, kuma gidan da aka gina don sayarwa kayan ciniki ne, zakka na hawa kansa bisa sharuɗɗanta. Akwai waƙafi, akwai bashi marar ruwa, akwai sayarwa a biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yanke tun farko. Alƙur'ani kuma ya ba da labarin Adawa, waɗanda Annabi Hudu (AS) ya yi wa faɗa a kan gine-ginen alfahari a kan tuddai, ya kuma ambaci garuruwan azzalumai da aka halaka suka bar rijiyoyi da manyan benaye ba kowa.

Saboda haka kada wani ɗan uwa ya tsaya gaban waɗannan gine-gine yana haɗiyar yawu, yana ganin kansa a matsayin wanda ya gaza. Tsarin da ya hana shi ɗaki ɗaya na aure shi ne ya ba mutum guda ɗaruruwan gidaje. Kada kuma zafin neman muhalli ya tura shi ga bashin riba, ko damfarar intanet, ko bangar 'yan siyasar da suka jefa shi a wannan hali. Abin da ya kamaci 'yan uwa shi ne su riƙe sana'arsu, su haɗa adashi da asusun taimakon juna a unguwanninsu, masu aikin gini a cikinsu su riƙa yin gayya suna ɗaga wa junansu ɗaki, masu hali su raya sunnar waƙafi. Sannan su ci gaba da wayar da kan jama'a a majalisu da wuraren aiki, su fahimtar da su cewa canza minista ko canza jam'iyya bai taɓa buɗe ƙofar ko da fulat ɗaya ga talaka ba, domin dokar ƙasa da dokar banki suna nan yadda suke. Mafita tana ga komawa ga tsarin da Allah ya saukar, wanda ya haramta riba ya kuma wajabta wa shugaba kula da muhallin raunana.

Allah ya isar wa raunana, ya ba 'yan uwa sabati a kan tafarkin gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.