Guba Ce, Ko Da An Kira Ta Magani

Duk wanda ya bi gonakin Kusada da Kankiya da farkon damina ba zai rasa ganin samari goye da injin feshi ba, sun nausa cikin gero da dawa da wake, wani da singileti, wani da silifas, wani ma ƙafa ba takalmi. Aikin da a da fartanya ke kwanaki tana yi a firi da maimai, yanzu kwalba ɗaya ta ɗauke shi cikin yini. Ƙwadago ne na halal, babu mai ƙyashin saurayi ya ci guminsa. Abin takaicin shi ne yadda ake yin sa.

Tun daga sunan aka fara ruɗin mutane. An ce maganin ciyawa, an ce maganin ƙwari, shi kuwa Bahaushe da ya ji an ce magani sai ya saki jiki, alhali abin da ke cikin kwalbar an haɗa shi ne musamman don ya kashe mai rai. Ba sai an sha shi yake shiga jiki ba. Ta fata yake bi, ballantana fatar da ta jiƙe da gumi, ta numfashi yake bi, ta ido yake bi. Saurayin da tankinsa ke yoyo a gadon baya tun hantsi har azahar, rigarsa sharkaf, yana shan gubar ne da fatarsa bai sani ba. Wanda kuma bakin injinsa ya toshe ya sa baki ya hura, ko ya dama haɗin da tsirara hannu sannan ya ɗauko goro ko sigari, to wannan ya gama gajarta wa gubar hanya.

Irin su fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin dikulobos, jijiyoyi suke kamawa: sai a ga gumi yana tsatsafa, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai, ga ƙirji ya riƙe. Shi kuwa farakwat, wanda manoma suka sani da Gramoxone, huhu yake ci a hankali, kuma har yau likitoci ba su da makarinsa. Kurɓi ɗaya na iya halaka ƙato bayan kwanaki, yana ganin kamar ya samu sauƙi. Turai ta hana amfani da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta haramta shi daga 2024. Saboda haka duk wanda ya miƙa wa manomi shi a yau, kowane suna aka liƙa wa kwalbar, ya ci amanarsa.

Wasu samarin sun ɗauki rufe hanci da sa safar hannu a matsayin ragwanci, wai namiji ba ya tsoron wari. Wasu sun dogara da kofin nono ko cokalin manja bayan an tashi aiki, wai yana wanke ciki. Ba ya wanke komai. Rai amana ce da Allah Ta'ala Ya danƙa wa bawa, kuma babu tawakkali a tsayawa gaban iska feshi na dawowa fuska. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba: riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, abin rufe hanci da baki. A yi feshi da sassafe ko da yamma lis, iska na bayan mutum. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, don ninka shi bai ƙara wa amfanin gona komai sai cuta. Zanen launin da ke gindin takardar ma magana ce: ja ya fi kowanne haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. In an gama a yi wanka da sabulu kafin a taɓa abinci, kayan aikin kuma kada a haɗa su da wankin iyali.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku cikin tanki, a huda ta. Abin kunya ne a ga ta koma gida ana zuba man gyaɗa, ko ta zama butar alwala a ƙofar masallaci.

Ɓarnar ba ta tsaya a gona ba, tana bin hatsi har rumbu. A 2008 ɗalibai fiye da ɗari na sakandaren 'yan mata ta Doma a jihar Gombe suka kwanta asibiti bayan cin waken da aka adana da guba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan dikulobos da aka samu a cikinsa. Turawa sun iya cewa ba su so; marayan da aka dafa wa wake da shinkafa a Kusada wa zai auna masa? Ga buhun PICS mai hawa uku, wanda ke shaƙe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba, in dai an ɗaure kowane hawa tamau. Ƙwayar turaren hatsi ta Phostoxin kuwa, hayaƙinta na kashe mutum, don haka ba a ajiye buhun da aka jefa ta a ɗakin da ake kwana.

Hukumomi ma suna da alhaki. Takardun jikin kwalaben nan da Turanci suke zuwa, wasu da Faransanci, ga manomin da Hausa da ajami ya sani. Me ya hana a tilasta wa kamfanoni rubuta gargaɗin da Hausa? Su kuma malaman gona na KTARDA, ranar kasuwa ya kamata a gan su, gefen masu tebur ɗin da ke ɗura guba a gorar lemo suna sayarwa babu suna babu ma'auni.

Kafin a kai ga haka, matasan da suka yi karatu su ne idon sauran. Su karanta wa iyaye da abokan ƙwadago abin da ke jikin kwalba kafin a buɗe ta. Idan kuma tsautsayi ya gitta, a fitar da mutum daga gonar, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kayan, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ɗura masa nono ko manja, kada a sa shi amai dole. A garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Kankiya, a riƙo kwalbar a hannu don likita ya san irin gubar da yake fuskanta.