Ra'ayinmu: Maƙwabci A Kan Hanyar Falgore

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga mota daga Kano, ya ratse a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada ya kutsa dajin Falgore, ya san abin da ake kira hanya mai ban tsoro. Shekara da shekaru 'yan fashi sun addabi matafiya a wannan daji, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da shi wurin atisaye. Mun ambaci wannan hanya ne saboda koyarwar Kirista a kan ƙauna ta ta'allaƙa da labarin wata hanya irinta, wadda ta gangaro daga Urushalima zuwa Yariko.

A sura ta 10 ta Linjilar Luka, wani masanin Attaura ya nemi Yesu Almasihu ya fayyace masa wanda ya cancanci a kira maƙwabci. Sai aka ba shi misalin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina suka yashe. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, alhali kuwa dukansu malaman addininsa ne. Wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin da Yahudawan wancan zamani ba su ko son haɗa ƙwarya da shi. Ya ɗaure masa raunuka, ya aza shi bisa dabbarsa, ya biya dinari biyu a masauki, ya kama gabansa. Abin lura, bai tambayi majinyacin asalinsa ba, bai kuma gindaya masa sharaɗin sake addini ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa. Kiristocin waɗannan ƙauyuka yawancinsu Hausawa ne 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa, waɗanda suke karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da suka sha a nono, tun da aka buga shi cikakke da Hausa a 1932. Gonarsu tana iyaka da ta Musulmi, kasuwarsu ɗaya, kuma sau da yawa kakansu ɗaya. A nan ba a auna ƙauna da daɗin wa'azin ranar Lahadi. Ana ganinta ne a ranar gayya, sa'ad da magidanci ya kwanta ciwo a tsakiyar damina maƙwabta suka nome masa gona. Da ranar da rumbu ya ƙare a watan Agusta aka aiko da kwanon dawa ba tare da an yi shela ba. Da zaman makoki, inda ba a tambayar mai gaisuwa inda yake ibada.

Haka nan tarihi ya nuna cewa aikin jinƙai ya fi huɗuba daɗewa a zukata. Mishan ɗin SIM ta kula da kutare a Yadakunya tun shekarun 1930, lokacin da dangi ma kan guje su. Asibitin ido da ta buɗe a Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA, ya buɗe idon dubban mutane, mafi yawansu Musulmi. Mun san akwai masu cewa da biyu aka yi, wato magani a hannun dama, wa'azi a hagu. Ba za mu ce zargin ba shi da tushe ko kaɗan ba. Amma ma'aunin da Linjila kanta ta kafa shi ne na Basamariyen nan, kuma duk Kiristan da ya mai da alheri tarko ya saɓa wa littafinsa tun kafin ya ɓata wa maƙwabcinsa rai.

To, ina ruwan ɗalibai? Ruwanmu ne ƙwarai. Rikicin da ya auku a Tudun Wada a watan Satumba na 2007, inda aka yi asarar rayuka aka ƙone majami'u, daga zargin da ya taso a makarantar sakandare ya faro. Wato 'yan boko ne suka kai wa manoma wutar da ba su hura ba. Koyarwar Kirista ta wajabta wa wanda aka cuta ya yi gafara, ya kuma ƙaunaci ko da maƙiyinsa, kuma wannan shi ne mafi nauyi a cikinta. Sai dai bai kamata kowa ya fake da haƙurin wani ya ci gaba da zalunci ba, balle ga Musulmi wanda addininsa ya tsananta haƙƙin maƙwabci.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai na wannan yanki, Kirista da Musulmi, idan hutu ya zo a ajiye gardandamin ɗakin kwana a bakin ƙofar jami'a. Akwai tsofaffi masu yanar ido a ƙauyukan bakin madatsar Tiga da na Riruwai waɗanda abin da ya hana su zuwa asibiti kuɗin mota ne da ɗan rakiya mai iya cika takarda. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan huɗu suna iya tattara sunayensu kafin a gama jarrabawa.