A TACE BAYANAN TALHO A INDA AKA HAƘO SU

Tun 1971 da kamfanin Somaïr ya fara fitar da uraniyom a Arlit, ba duwatsun rami ake ɗora wa motoci ba. A nan ake niƙa su, a tace, sai garin nan mai ruwan ɗorawa kaɗai ake zubawa a ganguna. Wannan dabara ce ya kamata kamfanonin talho su ara, domin su ma suna da nasu ramin a Arlit da Akokan.

Rezon talho yana tara bayanin abin da ya bi ta kowane dogon ƙarfe: lambar da ta kira, lokacin kiran, tsawon hirar, da kiran da ya katse. Idan aka tona wannan tuli, ana gane inda layi yake cunkushewa, da na'urar da ta kusa lalacewa. Hanyar tonon biyu ce. Ko dai a kwashe komi zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ko kuwa a aje kwamfuta a kowane yanki ta yi lissafinta, ta aika da taƙaitaccen sakamako, cibiya ta haɗa na Arlit da na Agadas da na Tawa.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da arewa. Ranar da layin kudu ya yanke, kwamfutar yankin ba za ta daina lura ba, kuma mai gyara zai san inda zai nufa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga garin da ya rasa Cominak ranar 31 ga Maris 2021, inda ɗan kasuwa yake bin sawun kayansa daga Assamaka ta talho, ma'aikacin gwamnati kuma yake aika wa iyalinsa kuɗi ta nan.

Akwai kuma batun sirri. Wani bincike da aka buga a 2013, kan masu salula miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa sanin wuri da lokaci sau 4 kawai ya isa a gane mutum 95 cikin 100, ko da an goge sunayensu. A ƙasar da majalisa ta amince da dokar sauraren hirarrakin jama'a a 2020, aka kuma yanke intanet na salula kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu 2021, tara sawun kowa a ɗaki guda ajiyar wuƙa ce ga duk wanda ya riƙe makulli gobe. Mai gyaran rezo yawan kiran da ya katse yake bukata, ba sunan wanda ya kira wa ba.

Masu suka za su ce zafi da ƙura da tsada ba za su bar kwamfuta ta rayu a hamada ba. Gaskiya ne, aikin zai ci kuɗi. Amma yankin da ya riƙe masana'antar uraniyom shekara 50, yake da tashar wutar Sonichar da makarantar ma'adinai ta Agadas, bai rasa ƙwararru ba.

Saura mahukunta. Hukumar ARCEP ta wajabta wa Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom bayyana ingancin rezonsu gari gari, domin mutumin Akokan ya san abin da yake biya. Hukumar kare bayanan jama'a, wadda dokar 2017 ta tanada, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa, ta duba abin da yake fita daga Arlit da wanda ake miƙa wa shi.